Fuskar da ke Ƙarƙashin Furanni

Shekara talatin Ludwika Grzelak tana zana wa gwamnati abin da take so: ma'aikata masu dariya, matan gona masu kumatu, tarakta sabuwa fil. A garinsu na masu haƙar kwal babu ofishin da ba a rataye aikinta ba, kuma babu ko guda da take iya kallo sau biyu ba ta ji kunya ba. Zane ɗaya tak ta yi da zuciyarta, shi kuwa in aka kama ta da shi, sai kurkuku.

Hoton Alojz ne, ɗan ƙawarta Pani Gertruda (Pani shi ne Uwargida a harshensu), wanda aka harbe a bakin ramin kwal lokacin yajin aikin watan Disamba. 'Yan sanda sun kwashe hotunansa kaf daga gidan uwar, har na ranar baftismarsa. Ludwika ta zana shi da ka, da fentin mai, da bajon ƙungiyar ma'aikatan da aka hana a ƙirjinsa. Da ya bushe, ta bi kansa da fentin ruwa, ta rufe shi ruf da jajayen furanni a cikin tulu. Fentin ruwa, jiƙaƙƙen tsumma ma ya share shi. Na mai kuwa ko gezau. Abin da ya rage mata shi ne ta tsallake gada ta kai wa uwar, kuma a bakin gadar akwai shingen 'yan sanda. Ta naɗe zanen a jarida, ta ɗaure da igiya.

Ta zaɓi Litinin ɗin bikin Ista, don ranar masu shinge sun ci ƙwai da tsiran alade sun ƙoshi, ba su cika bincike ba. Ta san sarai ranar watsa ruwa ce, maza na bin mata da bokiti. Amma ta ce a ranta wannan na 'yan mata ne, wa zai ɓata ruwansa a kan 'yar shekara sittin da biyu? A nan wayonta ya ƙare.

Sajen da ke shingen mutum ne mai kaurin wuya, yana sakace. Ya juya katin shaidarta gaba da baya.

"Mene ne a cikin jaridar nan, Pani?"

"Furanni ne, Pan Saje. Gaisuwar biki zan kai wa ƙawata."

"Buɗe."

Ta warware igiyar. Ƙullin ya ƙi kwancewa, sai da ta sa haƙori. Sajen ya ɗaga zanen, ya leƙa bayansa, ya ƙwanƙwasa katakon, ya taɓe baki ya miƙo mata. Ta karɓa, ta yi shirin wucewa.

"Ludwisia! Yau kam kin shigo hannu!"

Zenon ne, maƙwabcinta mai kiranta da wannan suna, tsohon makanike mai jan hanci, wanda ya nemi aurenta shekara arba'in da suka wuce ta ƙi, har yau bai daina yi mata ciwon kai ba. Yana tahowa yana tangaɗi, bokiti a kowane hannu.

"Zenon, kar ka soma! Don Allah kar ka..."

"Ji ta! Matar da ba a jiƙa ba yau, bana ba miji. Taimakonki zan yi, tsohuwar budurwa!"

'Yan sanda biyu da ke bayan sajen suka kwashe da dariya. Ta yi ƙoƙarin juya baya, amma ta makara. Ruwan ya same ta a ƙirji, ita da zanen, mai sanyi kamar daga rijiya.

Furannin suka fara zuba. Jan fenti ya gangaro kan rigarta, ya ɗiga kan takalminta. Ta kalli ƙasa, sai ga ido ɗaya yana kallonta ta tsakanin ganyaye, ga gefen bajon ya leƙo. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ba ɗauri kaɗai take tsoro ba. Za su ƙona shi, ita kuma ta san fuskar ta fara dushewa a kanta, ba za ta iya sake zana ta ba.

Zenon ne ya fi kowa kusa. Dariyarsa ta tsaya cak. Shi ya koya wa Alojz gyaran babur, ido ɗaya ya ishe shi.

"Me ya sami furannin?" in ji sajen, ya tofar da tsinken sakacen. "Juyo da shi in gani."

Ludwika ta manna zanen a ƙirjinta. "Ya lalace ne kawai, Pan Saje."

"Na ce juyo da shi."

Zenon ya dubi bokitinsa na biyu, ya dube ta. Giyar ta sake shi sarai, ta ga haka a idonsa. Sai ya daddage ya sake ɓarkewa da dariya, wadda ta fi ta farko ƙarfi.

"Haba Pan Saje, kai ma ai ba a bar ka a bushe ba! Barka da Ista!"

Ya sheƙa masa bokitin gaba ɗaya a fuska. Hular sajen ta faɗa cikin kwata.

Su ukun suka rufar masa. Ludwika ta ratsa shingen ta hau gada, ba gudu, don mai gudu ake bi. Tana jin saukar kulki a bayanta, tim, tim, tana jin Zenon yana ihu, "Al'ada ce, jama'a! Al'ada ce!" har muryar ta koma nishi. Ba ta waiwaya ba, kuma ta tsani kanta a kan kowane taku.

Pani Gertruda ta buɗe ƙofa, ta ja ta ciki, ta sa sakata. Ta ɗora zanen a kan tebur tsakanin kwandon ƙwai da burodi, ta jiƙa gefen zanen girkinta, ta shiga gogewa a hankali kamar mai wanke wa jariri fuska. Goshi ya fito, sai hanci, sai bakin nan mai shirin yin tsiya. Ta shafa kuncinsa da yatsa. Sannan ta lura da baƙuwarta tana ɗigar da ruwa a daɓe, tana karkarwa.

"Wane marar hankali ne ya jiƙa ki haka?"

"Zenon."

"Wannan ɗan giyar banza! Bai taɓa tsinana wa kowa komai ba."

Ludwika ta jawo kujera ta zauna.

"Gertruda," ta ce, "ɗauko mayafinki. Mu je mu tambayo inda suka kai shi."