Kwano Mai Shuɗin Murfi

A Kafanchan, duk wanda ya san Malama Afiniki ya san kwanonta mai shuɗin murfi. A shekara goma sha takwas da ta yi tana koyarwa a firamare, aure goma sha ɗaya aka ɗaura ta dalilin kwanon nan. In ta ga namiji da mace sun dace, sai ta dafa abinci ta zuba a ciki, ta ce wa namijin, "Don Allah kai wa wance." In macen ta yarda, sai ta mayar da kwanon da gyaɗa a ciki. In ba ta so, ta wanke shi ta mayar ba komai. Ba wanda ake kunyatawa.

Ita kanta Malama ba ta taɓa aure ba.

A 1993 ta ajiye alli, ta buɗe shagon abinci kusa da tashar jirgin ƙasa. A nan ta lura da Obadiah, wanda ake kira Baban Kambai, mai sayen citta daga Fadan Kagoma. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Kowace Laraba yakan zauna a bencin bakin ƙofa, ya cire hula ya yi addu'a, ya ci a natse, sannan ya tambaye ta ko tana kewar yaran makaranta. Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya sai shi.

Bakin da ya iya tsara maganar wasu ya kasa tsara tata. Hanya ɗaya kawai ta sani. Wata Laraba ta yi gwaten acca da yakuwa da gauta, ta zaɓi nama mai kyau, ta zuba a kwanon ta ajiye a gabansa.

Obadiah ya dubi murfin, ya yi murmushi.

"Malama, ashe ni ma layi ya zo kaina? Wa zan kai wa?"

Kunya ta rufe ta. Ta kawar da fuska, idonta ya sauka a tsallaken hanya, daidai shagon ɗinkin Emilia, ƙawarta a zumuntar matan coci, wadda mijinta ya rasu.

"Af, Emilia!" in ji shi. "To, shi ke nan."

Kafin ta buɗe baki ya ɗauki kwanon ya ƙetare hanya.

Tana tsaye tana kallo. Emilia ta tsayar da keken ɗinki, ta ɗebe yadudduka daga kujera ta ba shi wuri. Can dariyarta ta tashi, irin wadda ake ji har tasha. Afiniki ta duba agogo. Minti arba'in. Awa ɗaya. Me mai citta zai faɗa wa tela har awa ɗaya? Miyar da ke kan wuta ta kama, mai son tuwo ya samu shinkafa.

Ran Lahadi a coci Emilia ta shigo da sabon ɗankwali, ta zauna kusa da ita.

"Yaya, gwaten nan! Ashe kin iya sa nama haka? Ni da nake saye kullum ban taɓa gani ba."

"Ki ci lafiya," in ji Afiniki, ta buɗe littafin waƙa a juye.

Shekara goma suna zama benci ɗaya, sai yau ta ga wushiryar Emilia ta cika faɗi, muryarta kuma tana wuce ta kowa. Ta roƙi Ubangiji gafara. Kafin a gama wa'azi ta sake kallon ɗankwalin.

Kwanon bai dawo ba. Ta san ma'anar jinkiri, ita ta koya wa mutane: mace na tunani.

Da Laraba ta zagayo, ta ga Obadiah ya sauka daga mota ya nufi shagon Emilia tukuna. Ya fito da kwanon a hannu biyu, yana tafiya a hankali. Kwanon da ba komai a ciki, ba a riƙe shi haka.

Ya ajiye a teburinta. Ba ta taɓa ba.

"Ina taya ka murna, Baban Kambai."

"Buɗe mana, Malama."

Ta ɗaga murfin. Ba gyaɗa ba ce. Wake da shinkafa ne, da zafinsa, ya ɗan caɓe.

"Mene ne wannan?"

Obadiah ya cire hula yana murza ta. "Emilia ce ta dafa. Ta ce in kawo miki. Wai ranar nan na zauna a shagonta awa guda, ba maganar da na yi sai taki, har na hana ta ɗinki. Ta ce kwanon ya yi ɓatan hanya, ita ta gyara masa."

Afiniki ta zauna. Ta ɗauki cokali ta ɗanɗana, don ta samu abin yi da hannunta.

"Ko gishiri bai ji ba," ta ce. "Haka ta ba ka ka ci?"

"Ni ban ci ba. Naki ne."

"Kuma wannan dariyar da kuka yi ta yi?"

"Ni take wa dariya. Wai ni kaɗai ne a Kafanchan ban gane ba."

Ta juye abincin a faranti, ta wanke kwanon ta goge. Obadiah na tsaye, idonsa a kan kwanon da ba komai a ciki. Sai ta buɗe buhun gyaɗar miya, ta cika shi har murfin ya ƙi rufuwa.

Ya miƙo hannu zai karɓa. Ta janye kwanon.

"A'a. Zauna ka ci abincinka. Ni zan kai mata da kaina. Kai dai ka gama ƙetare hanyar nan."