Jan Zare a Ƙugiya

Ranar sadakar arba'in ta mahaifiyata Nevena, sama ta kwana tana zubo dusar ƙanƙara, da safe sanyi ya daskarar da ita a kan hanya. Kabarinta kuwa yana can ƙauyenmu a ƙwanƙolin dutse, kuma limamin coci ya riga ya faɗa mana: yana da wani ƙauyen da zai je kafin rana ta yi tsaka, in ba mu iso ba sai dai mu yi haƙuri.

Ni ke tuƙi. Mahaifina Trifon na gefe, ya rungume tiren dafaffiyar alkama da za a raba a bakin kabari. Tun da ta rasu ban ga hawayensa ba, sai faɗa. Ya yi faɗa da shayi, ya yi faɗa da takalminsa, yanzu kuma tuƙina ne bai yi masa ba.

Muna shan kwanar da ke bayan gada, mota ta ce ba ta san zancen ba. Tayoyi na juyawa, mu kuma muna zamewa baya.

"Tsaya, Rumyana, kada ki kai mu wurin mahaifiyarki gaba ɗaya," in ji shi.

Ya fita ya ciro tsohon buhun sarƙoƙin da ake ɗaura wa taya don kada ta zame a ƙanƙara, waɗanda ya yi ta amfani da su a tsohuwar motarsa Lada har motar ta mutu. Ya durƙusa a tayar baya.

"Tate," na ce, don haka muke kiran uba a wajenmu, "wannan motar da tayoyin gaba take ja."

"Mota ce ko akuya? Duk motar kirki daga baya take turawa!"

"To wannan ba ta kirki ba ce. Koma gaba."

Ya koma yana gunaguni. Na ce in taimaka, ya ce tun ina cikin zani yake ɗaura sarƙa a wannan hanya. Gaskiyarsa ce, don duk ƙauyen an san shi da saurin ɗaurawa. Ya ware sarƙar, ya yafa ta a kan taya kamar mai sa wa doki shimfiɗa, sannan ya miƙa hannu baya, ko waiwaye bai yi ba.

"Neva, saƙala ta ciki."

Hannun nan ya daɗe a miƙe kafin ya sauke shi.

A lokacin na gane. Duk shekarun nan mahaifiyata ce mai kwanciya a ƙasa ta zura siririn hannunta bayan taya ta saƙala ƙugiyar ciki, shi kuma ya ja ta waje ya sha yabo. Ya gwada da kansa, hannun ya ƙi shiga. Ya juya sarƙar, ya sake juyawa, ya rasa wane baki ne na ciki. Sai ya zauna daɓas a kan ƙanƙara, tsoho mai ƙaton jiki, ya fashe da kuka. Tausayinsa ya kusa karya ni.

Na tuɓe safar hannu na kwanta. Ina laluben sarƙar sai na ga jan zaren ulu ɗaure a ƙugiya ɗaya, irin wanda take saƙa mana safa da shi. Na duba ɗaya sarƙar, ita ma akwai.

"Tate, duba. Mai zaren ita ce ta ciki."

Ya share fuska. "Matar nan, ko ta faɗa mini."

"Ka taɓa tambaya?"

Na saƙala, ya ja, muka koma ɗaya tayar. Mota ta kama hanya tana ƙarar ƙarfe har ƙofar makabarta, muka tarar limamin ya fara naɗe rigarsa. Ya harare mu, ya warware ta.

Bayan an yi addu'a an raba alkama, na kwance zaren ɗaya zan ɗaura a kan gicciyen kabarinta. Mahaifina ya riƙe hannuna.

"Mayar da shi, Rumi. Ita tana da mu. Ni in babu shi, da me zan gane?"