Muryar Kulu a Bakin Zabuwa

A damunar ƙarshe da Iya Kulu ta gani a duniya, jikarta Firdausi ta zo Kahu daga Kano da wata 'yar na'urar ɗaukar murya wadda ba ta fi kwalin ashana girma ba. Firdausi ɗiyar babban ɗan Iya Kulu ce. Ta yi karatun zane a birni, ita da abokan karatunta suna haɗa katun, zanen nan da ke motsi yana magana. Ta zauna kusa da kakarta a tsakar gida ta ce tatsuniya take so a yi mata, za ta zana ta.

"Da rana tsaka?" in ji Iya Kulu. "An ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi." Sai ta yi dariya, ta gyara zama a kan tabarma. "Ko da yake ni yanzu ina nake zuwa da zan ɓata? Kunna abin naki."

Mijinta, Malam Ishiyaku, yana zaure a lokacin yana tufka igiya. Ya ji muryoyinsu sama-sama, bai sa abin a ka ba. Shekarun da suka yi tare sun sa muryar Kulu ta zama masa kamar ƙarar daka a maƙwabta, ba ka lura da ita sai ranar da aka daina.

Ana girbin gero Kulu ta kwanta ciwo. Kafin a kai ga dawa Allah ya karɓi abarsa.

Da kaka ta zagayo, Firdausi ta sake zuwa. Ta tarar da kakanta a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Bayan sun gaisa ta gaya masa ƙungiyar matasan Rano da Kibiya sun shirya makon katun. Za a fara nunawa a Rano, sannan a zo Kibiya, kyauta, yara da manya.

"Kuma na gama na Iya, Kaka."

"Wane na Iya?"

"Tatsuniyar da ta yi mini. Ta zabuwar da ta manta inda ta yi ƙwai."

Ya kalli ƙasa. "Wato muryarta ce za ta riƙa fitowa daga bakin tsuntsuwa."

"E."

"Jama'a suna dariya."

"Ai abin dariya ne, Kaka. Ita ma tana yi tana dariya."

"Wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a yake bukata, Firdausi."

Ta buɗe jakarta za ta ciro kwamfuta ya gani shi kaɗai tukuna, ya ɗaga mata hannu. Ta mayar. Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta yi masa gardama ba. Ta ce ba za ta nuna wa kowa ba sai da izininsa. Da aka yi na Rano kuwa, aka nuna na kowa ban da nata.

Washegarin na Rano sai ga Ɗanmalam a bayan babur. Abokin Malam Ishiyaku ne tun na ƙuruciya. Ya yi rayuwarsa yana jan mota tsakanin Rano da Kano, yanzu idanu sun hana shi, sai dai ya zauna a tasha yana gyara wa samarin direbobi tuƙi da baki. Ya sauko da ƙyar yana dafa gwiwa, ya zube a kan benci.

"Jiya na je kallon majigin jikarka," ya ce. "Jikokina suka ja ni. Ishiyaku, na zauna a ajin da ake nunawa sai na ji ni a filin kasuwa, ina ɗan shekara goma sha wani abu."

Malam Ishiyaku bai so ya biye masa ba, amma maganar majigi ba ta barin tsoho ya yi shiru. Suka shiga tuna yadda motar gwamnati take isowa Rano da la'asar, mai shela ya zaga gari, a kafa sanduna biyu a ɗaure farin ƙyalle. Su daga Kahu a ƙafa suke tafiya, a bi ta gonaki, ana cin rake a hanya. Akwai mutumin da ke riƙe lasifika yana fassara, wanda in ya ga dama sai ya sa wa mutanen cikin fim sunayen 'yan gari. Fim ɗin taki ne da na allurar rigakafi, kowa ya haddace su. Abin da ake jira shi ne ɗan gajeren zanen da ake sawa a ƙarshe, na wani sauro mai dogon baki da ke bin wani malalacin mutum da ya ƙi cike kududdufin ƙofar gidansa.

"Ka tuna ranar da iska ta kwashe ƙyallen, sauron ya koma jikin bangon gidan Sarkin Fawa?"

"Na tuna," in ji Malam Ishiyaku. Murmushi ya ƙwace masa.

"Ka tuna yarinyar nan mai dafaffiyar gyaɗa da ta yi dariya har farantinta ya kife?"

Murmushin ya ɗauke. Ya tuna mana, ai Kulu ce. Shi ne ya durƙusa yana taya ta tsince gyaɗar a cikin ƙafafun mutane, ita kuwa ta kasa daina dariyar balle ta yi masa godiya. Daga nan ne ya tambayi gidansu.

"Ni ban zo in sa ka ba," in ji Ɗanmalam. "Amma jiya na ga Firdausi tana ta hidima da finafinan wasu, nata yana cikin jaka. Da aka tambaye ta sai ta ce bai gama ba. Ka ga ko sunanka ba ta kira ba. Kuma Kulu da na sani, in ta ji an ce an zana ta a zabuwa, ita za ta riga kowa zuwa ta kama wurin gaba."

"Kai dai bakinka ba ya tsufa."

"Shi kaɗai ya rage mini."

Ranar da za a yi na Kibiya, Malam Ishiyaku ya yi sallar azahar, ya sa farar rigarsa, ya ce wa mutanen gida zai je sayo maganin tsutsar awaki. Suka yi masa a dawo lafiya, ko da yake kowa ya san ba ranar kasuwa ba ce.

A babban ɗakin taro na makarantar firamare ake yi. An toshe tagogi da tabarmi da tsofaffin labule don a sami duhu, janareta yana ƙara a bayan gini. Yara sun cika gaba a ƙasa, maza a kan bencina ta dama, 'yan mata da wasu 'yan tsirarun mata ta hagu. Ga mutanen Fassi da na Nariya sun zo a Keke Napep, ga wasu Fulani matasa sun jingina da bango da sandunansu. Ɗakin ya yi zafi, yana warin gumi da ƙuli-ƙuli. Wani saurayi ya tashi ya ba shi wuri a ƙarshen benci.

Ya kalli na farko, na wasu yara da suka haƙa rijiya. Ya kalli na biyu, wanda aka ce daga wata ƙasa aka aiko shi, na wani masunci da kifin da ya ƙi kamuwa, ba a magana a ciki ko kaɗan amma kowa ya gane. Hoton ya fi na da haske nesa ba kusa ba. Ihun yaran kuwa bai sake ba, shi ne dai wanda ya sani.

Da aka tsaya za a canza, Firdausi ta hango shi. Ta ratso mutane ta durƙusa a gabansa.

"Kaka, kai ne? Da wa kuka zo?"

"Maganin awaki na zo saya." Ya yi gyaran murya. "Naki fa, yana nan?"

"Yana nan."

"To, sa mana."

Ta tsaya tana kallonsa, kamar tana jiran ya janye. Ya kawar da kai. Ta tashi da sauri.

Bango ya yi haske. Ga gona bayan ruwan sama, ga duwatsu a can nesa irin na Rano. Sai wata zabuwa ta fito daga cikin ciyawa, mai ƙiba, ta ɗaura ɗankwali ya karkace gefe guda. Ta buɗe baki.

"Salamu alaikum, mutanen gona. Don Allah ko wani ya ga inda na ajiye ƙwaina?"

Malam Ishiyaku ya damƙe bakin bencin. Ya yi zaton muryar za ta zo masa kamar daga nesa. Ba haka ta zo ba. Ta zo da 'yar dishewar nan da take yi in ta sha kunu mai zafi, da yadda take jan "don Allah" kamar tana ciniki. Ta gefen hagu wata mata ta ce, "Wayyo, Kulu!" da ƙarfi, wasu suka ce Allah ya jiƙanta. Yara kuwa ba su san komai ba, dariyarsu kawai suke yi, don zabuwar ta je wurin bushiya tana tambaya, bushiya ta ce ita ko nata 'ya'yan ba ta iya runguma balle ta ɗauki na wani. Ta je wurin ƙadangare, shi kuma duk abin da aka tambaye shi sai ya gyaɗa kai. "Ka gani?" Ya gyaɗa. "Ba ka gani ba?" Ya gyaɗa. A nan mai ba da labarin ta kasa daurewa ta fashe da dariya, Firdausi kuma ba ta yanke ba, sai ta zana zabuwar ta faɗi ƙasa tana shure-shure.

Ana cikin haka zabuwar ta waiwaya, muryarta ta canza, ta koma ta cikin gida.

"Malam! Don Allah jawo mana ƙofar nan, awaki za su shigo mini shanya."

Sai ga wani tsohon zakara a kan katanga, ya sa tabarau, igiya a ƙafarsa yana tufkawa. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "To, ina zuwa."

"Tun ɗazu kake zuwa."

"Ai ga ni nan."

Mutanen Kahu da ke ɗakin suka gane muryar nan take. Dariya ta tashi daga wannan bango zuwa wancan, kawuna suka juyo ana nuna shi. Wani dattijo da ke gefensa ya dafa kafaɗarsa yana cewa, "Wallahi kai ne, Malam, har tabarau ɗin!" Malam Ishiyaku ya buɗe baki zai ce wani abu, sai ya ji ƙirjinsa yana girgiza. Shi kansa bai san ko dariya ce ko kuka ba. Ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska, ya bar ido ɗaya a waje don kada wani abu ya wuce shi.

Bai tuna ranar ba sam. Sau nawa ta ce masa ya jawo ƙofa, sau nawa ya ce yana zuwa? Amma ga shi an kama guda ɗaya an ajiye.

A ƙarshe zabuwar ta gaji ta koma gida, ta tarar da kaza ta kwanta a kan ƙwan tun tuni, har sun ƙyanƙyashe suna bin ta suna kiran ta Inna. Aka yi tafi. Da aka ɗage tabarmin tagogi haske ya shigo, Firdausi ta zo tana sunkuyar da kai.

"Kaka, ka yafe mini. Na so in gaya maka akwai muryarka, ka ƙi ka saurare ni."

"Zakaran ya fi ni tsufa," ya ce, yana share ido. "Kuma ni ƙafata ba ta kai haka sirantaka ba."

Suna fita ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi 'yan matan da ke watsewa. Ya ce wa Firdausi ƙawayen Kulu na Kahu yawancinsu ba za su iya zuwa Kibiya ba, wasu ciwon ƙafa, wasu kuma ba sa fita. Ya tambaya ko na'urar tana iya aiki a ɗakin ƙasa.

Ranar Asabar da hantsi aka kwashe buhunan dawa daga babban ɗakin gidan, aka rataya farin zane a bango. Matan unguwa suka cika shi har ƙofa, aka jawo waya daga janaretan mai cajin waya. Malam Ishiyaku ya zauna a zaure, yana jin su ta cikin katanga. Sau biyu suka sa aka maimaita.

Da aka gama sai ya ji muryar Sa'adatu, ƙanwar Kulu, ta ɗaga sama. Ta ce ba haka labarin yake ƙarewa ba, ita a yadda Yaya ta ba ta, maciji ne ya shanye ƙwan. Wata ta ce a'a, ita da kunnenta ta ji Kulu ta ce makiyayi ne ya tsince su ya kai wa matarsa. Maijidda mai ƙosai ta ce duk sun manta, zabuwar ba ta ma yi ƙwan ba tun farko, mafarki ta yi. Gardama ta kaure, kowa na rantsuwa tata ce ta gaskiya, ana yi ana dariya.

Firdausi ta leƙo zauren, fuskarta duk gumi. "Kaka, sun ce ka zo ka raba gardama. Wanne ne daidai?"

Ya yi ɗan tunani. "Duk ta faɗa," ya ce. "Ya danganta da wanda ke zaune a gabanta. Ki koma ki kunna abin ɗaukar maganar nan naki, tun ba su tashi ɗora girki ba."