Gada a Kan Kwatar Ƙofar Gida

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Mama wata bakwai da suka wuce, iyakarta ɗaki da tsakar gida. Tana da keken guragu mai kyau, tayoyinsa lafiya lau. Abin da ya tsare ta wata ƙatuwar kwata ce da masu gyaran titi suka haƙa a ƙofar gidan, suka shafe da siminti suka yi gaba. Masu ƙafa suna tsallakawa ta kan katako biyu. Ita kuwa ranar asibiti sai an nemo maza huɗu sun ɗaga ta da keken, tana rufe ido don takaici.

“Kamar buhun siminti,” in ji ta duk lokacin da aka sauke ta.

Mijinta, wanda duk unguwa ke kira Mai Walda, bai taɓa tanka mata ba, amma maganar tana cinsa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana haɗa ƙarfe kafin ya rufe shago ya kwaso injinsa zuwa garejin gida. Wata rana ya samo guntayen ƙarfe huɗu a wurin 'yan gwangwan, irin masu kaurin nan da ake ɗora rufin babban sito a kansu. Kowanne mita ɗaya da rabi ne, shi kuma mita uku yake bukata don ya yi gada a kan kwatar. Dole a haɗa su biyu-biyu su zama dogaye guda biyu, sannan a shimfiɗa faifan ƙarfe a kai.

Ranar Asabar da hantsi ya ɗaga ƙofar gareji. Ya goge tsatsa har ƙarfen ya yi fari, ya fiƙe bakunan da za su haɗu don walda ta samu wurin zama, ya jera biyu a kan bulo, ya ja zare daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sun miƙe sak. Ya kunna inji, ya maƙala sandar walda, ya sauke gilashin fuska.

Da ya gama layin farko ya ɗauki ƙaramar guduma ya ƙwanƙwashe ɓawon da ke sama. Ya daɗe yana kallon abin da ya fito. Waldar ta yi tudu nan, rami can, ga ƙananan huji kamar gara ta bi ta kai. Da yaron shagonsa ne ya kawo masa wannan aikin a da, da ya sha faɗa. Ya sa injin guga ya kankare ta tas, ya sake. Ta biyun ma haka. Hannun dama ne. Da zarar ya kusantar da sandar, sai yatsun su kama wata 'yar rawa da ba shi ya sa su ba.

“Sannu da aiki, Baba.”

Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, malamar lissafi a makarantar sakandare, wadda take zuwa duk Asabar ta yi wa uwarta wanka da kitso. Bai san tun yaushe take tsaye ba.

“Yawwa, Malama. Wutar ce ba ta da ƙarfi yau.”

Ta dubi ƙwan fitilar gareji, yana haske fes. Ta dubi hannunsa. Ya tura shi cikin aljihu, sai kuma ya ga babu amfani, ya fito da shi.

“Tun yaushe?” ta tambaya a hankali.

“Tun bara.”

“Mama ta sani?”

“Ai ita ta fara ganewa. Kofin shayi ne ya tona min asiri.” Ya nuna ƙarfen da haɓa. “In ƙofar bayi ce, wannan waldar ta isa. Amma uwarki za ta hau.”

Auta ta ajiye jakarta a kan benci, ta shiga cikin gida. Can sai ga ta sanye da tsohuwar rigar aikinsa mai kauri, ta naɗe hannuwan sau uku, ta ɗaure ɗankwalinta tamau. Tana 'yar sakandare ya koya mata walda a lokutan hutu, don ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa ba ta gudun tartsatsi. Rabonta da riƙe sanda shekara goma sha biyar.

“Na manta komai fa, Baba.”

“Kanki ne ya manta. Gwada a kan wancan guntun.”

Sau uku sandar tana manne wa ƙarfen, tana fizgewa tana tsaki. A na huɗu wuta ta kama. Mai Walda ya jawo kujera ya zauna, ya juya mata baya saboda hasken, ya karkata kunne.

“Kin yi nisa. Ji yadda take tari. Matso da ita... yawwa. In kin ji kamar ana soya ƙwai a mai, to ki tsaya a nan. Kar ki yi sauri, ba maki kike ba ɗalibai ba.”

Suka koma kan babban aikin. Ta ɗiga walda a kusurwa huɗu don ta riƙe, sannan ta fara layin gaske. Ta kai rabi hannunta ya saki, tana jin daɗi, ta so ta zarce har ƙarshe.

“Tsaya haka nan,” in ji shi. “Mu juya shi.”

“Ai ban gama ba.”

“Zafi yana jan ƙarfe. In kika cika wa gefe ɗaya wuta, zai lanƙwashe ya bi ta, gadarki ta fito kamar bayan raƙumi. Kaɗan nan, kaɗan can.”

Suka kira Tela maƙwabcinsu ya taya su juyawa. Ya zo da tef ɗinsa rataye a wuya, ya kama gefe ɗaya yana nishi, yana cewa shi abin da ya fi almakashi nauyi ba sana'arsa ba ce. Haka suka yi ta yi: layi ɗaya, a ƙwanƙwashe ɓawo, a goge, a juya, a sake ja da zare. Duk layin da ta gama sai Mai Walda ya sa tabarau ya bi shi da ido, wani lokaci ya yi alama da alli ya ce a kankare nan. Ba ta yi musu ba. Bayan mahaɗar ta cika, ya sa ta ɗora faifan ƙarfe a kowane gefe ta zagaye shi da walda.

Wajen azahar Mama ta gungura kekenta da hannu ɗaya har bakin ƙofar da ta haɗa gareji da tsakar gida.

“Tsoho, na aiko yarinya ta gaishe ka, ka mayar min da ita maƙeriya? Kitson nawa fa?”

“Yi haƙuri, Tsohuwa. Kanki ba gudu zai yi ba.”

“To a ci abinci dai. Ƙarfen ma ba gudu zai yi ba.”

Sai la'asar suka gama na biyun. Da ya huce, Mai Walda ya sa aka ɗora kowanne a kan bulo biyu, tsakiyarsa a sama babu abin da ya tokare. Ya hau daidai kan mahaɗar, ya ce Auta ta hau, ya ce Tela ma ya hau. Su uku suka yi ta tsalle suna riƙe da kafaɗun juna. Ko gezau. Ya sauko ya durƙusa, ya shafa waldar da babban yatsa. Ba ta kai tasa ta da kyau ba, tana da ɗan kauri a wurare, amma ta shiga ƙarfen sosai.

“Ya yi,” ya ce. Auta ta san a bakinsa wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Tana cire rigar ta ce, “Litinin zan zo mu je a duba hannun nan.”

“Ai tsufa ne.”

“To likita ya faɗa da bakinsa.”

Ya ce ta zo da wuri kafin layi ya yi tsawo.

Washegari maƙwabta suka taya aka kwantar da ƙarafan a kan kwatar, Auta ta manna faifan shimfiɗa a kai, ta yi wa gefe da gefe ɗan baki don kar taya ta zame. Da rana ta yi sanyi aka turo Mama. Mai Walda ya riƙe keken da hannu biyu. A tsakiyar gadar ta ce ya tsaya. Ta leƙa ƙasa, ta ga ruwa yana wucewa da ledoji da ɓawon lemo.

“Ashe wannan 'yar ƙazamar ce ta ɗaure ni,” ta ce. “Mu je.”

“Ina muka nufa?”

“Ƙarshen layi. Ina son ganin mai kayan miyar nan ido da ido. Wata bakwai tana aiko min da ruɓaɓɓen tumatir, tana ganin ba zan iya zuwa ba.”

Suka kama hanya a hankali, Auta na biye da su. Kafin su wuce gida uku mata sun fara leƙowa suna yi mata barka da fitowa, ita kuma tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar wa ya haihu, wa ya tashi, kuma wane mara ido ne ya yi wa shagon wanki wannan koren fentin.