Farar Kujera Cikin Leda

Wata bakwai ta yi tana yi wa cikinta rowa saboda kujera ɗaya. Kujera fa, ba gado ba, ba keken ɗinki ba!

Shara da goge-goge take yi a wani shagon kayan ɗaki. Tun kafin a buɗe ƙofa take bin kujeru da tsumma, kuma doka ce ma'aikaci ba ya zama a kan kayan sayarwa. Lokacin hutu sai ta kifa bokiti a bayan shago ta zauna, ta buɗe waya. Can kuwa matan nan ne masu nuna falonsu, kowacce ta harɗe a farar kujera da kofin shayi, tana cewa mace mai aji daga wurin zamanta ake gane ta. Tun tana tsaki har maganar ta shige ta.

Ta daina shiga mota, ta koma takawa. Abincin rana ya zama ruwa. Har ɗan abin da take aika wa Inna, mahaifiyarta, na maganin gwiwa ta rage, ta ce mata shago ba ciniki. Da wata farar kujera ta samu ƙwarzane a ƙafa aka karya farashinta, ta yi wuf ta ɗauke. Abokiyar aikinta har da riƙe ciki don dariya: "To Hajiya, a ina za ki ajiye ta, a ka?"

Sai da aka jingine katifa da bango kafin kujerar ta samu wuri a ɗakinta. Ko ledar ba ta cire ba. Sau ɗaya ta zauna, ta ɗauki hoto, ta tashi.

Ranar Asabar Inna ta zo ganin likita, ta biyo ta wurinta ba sanarwa. Tun safe tsohuwar take bin layi a asibiti, ga wahalar mota. Ta shigo tana dafa bango, zanenta sharkaf da gumi. "Wash, Allah na," ta ce, ta nufi kujerar, ta juya za ta sauke jiki.

"Kai, Inna, ba nan ba!"

Da ƙarfi maganar ta fito, har maƙwabciya ta ɗaga labule. Inna ta tsaya cak a rabin zama. Sai ta lallaba, ta dafa gefen katifa, ta zube a kan siminti. Gwiwar ta yi ƙas, tsohuwar ta cije leɓe.

Kunya ta lulluɓe 'yar, ta rasa inda za ta sa idonta. Uwar da ta haife ta! Ta durƙusa. "Inna, don Allah tashi ki hau. Bakina ne ya suɓuce."

"A'a, 'yar nan, nan ma ya wadatar. Ina ni ina kayan mutane? Ta wurin aikinku ce aka ba ki ajiya, ko?"

Ga gaskiya a bakinta, amma ta ina za ta fara? Ta ce tata ce? Ta ce maganin gwiwar ne wannan yake ƙyalli cikin leda? Ta sunkuyar da kai.

"E, Inna. Ajiya ce."

"To, madalla. Haka ake riƙon amana, Allah Ya yi miki albarka." Inna ta kama ƙafarta mai ciwon da hannu biyu, ta janye ta can nesa da kujerar. "Kar in ɓata musu, a cire miki a albashi."