Dalmar Taru a Cikin Bez

Bez ɗin Abdulganiyu ta girmi 'ya'yansa duka. Jita ce ta lantarki mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, wadda ya saya a hannun wani makaɗin Habasha tun ana kiɗa a bakin Nilu ba mai duba agogo. Yanzu soja ke mulki, doka ta ce sha ɗaya na bugawa a kashe lasifika, masu biki kuma sun gano ogan ɗaya, wato piyanon lantarki, yana aikin mutum biyar.

Da haƙoran makullan ɗaure tsirkiya suka cinye, ya taka Kasuwar Libiya daga wannan baki zuwa wancan. Babu. Sai Usta Labaran, mai gyaran rediyo a unguwar Umbadda, wanda ya yi cirar auduga da mahaifin Abdulganiyu a Jazira, ya karɓi aikin. Ya kai tsofaffin wurin maƙeri aka zuba sababbi huɗu na tagulla, manya, masu kauri, domin a wurinsa ƙarfen da ba ya cika hannu ba ƙarfe ba ne.

"Kyauta ce," in ji shi. "Jikanka ma zai gada."

Makullan sun riƙe tsirkiya kam. Sai dai kan jitar ya yi nauyi. Da Abdulganiyu ya rataya ta, wuyan ya sunkuya ƙasa, dole hannun hagu ya tallafe shi, ga shi kuma hannun da ake danna tsirkiya da shi. Yatsu suka soma makara. Wata huɗu yana haka, kafaɗa na ci masa wuta, bai faɗa ba. Yaya zai koma wa abokin mahaifinsa da kyautarsa?

Muhannad, mawaƙin da ke da ƙungiyar, mai kiransa Ammu, wato baffa, shi ya gaji.

"Ammu, kana jan mu baya kamar keken jaki. Alhamis akwai biki a Abbasiya. In ka sake makara, wallahi mai ogan zai yi naka da hannun hagunsa, khalas, shi ke nan."

Ranar Talata da hantsi Abdulganiyu ya je shagon Usta da bez ɗin, wai a duba masa wayarta. Suka zauna. Sittana mai shayi ta miƙo masa kofi ta hagu, ya ɗaga, hannun ya gaza, shayi ya zube a jallabiya.

Usta Labaran ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya tashi, ya rataya jitar a nasa wuyan, ya saki hannuwa biyu. Kan ya yi ƙasa, makullan suka daki teburi.

"Tun yaushe?"

"Ba komai ba ne, Usta."

"Ban tambaye ka ko komai ba ne. Tun yaushe, ya zol, bawan Allah?"

"Tun ranar."

Tsohon ya zauna a hankali. "Ubanka ma haka yake. Ƙaya ta shige masa ƙafa a gona, sai da ta yi ruwa muka sani."

Tsofaffin makullan sun ɓata a tulin maƙeri. In aka goge sababbin su yi sirara, haƙora za su karye. Usta ya laluba ƙarƙashin teburi ya jawo gwangwanin madara cike da dalmar taru, wadda surukinsa Ashafa, masunci a Jabal Awliya, yake aiko masa. Ya kwance marfin bayan jitar, ya naɗe dalma a tsumma don kada ta taɓa waya, ya cusa. Bai isa ba. Ya buga wata ta yi faɗi, ya ɗaure ta a gindin jitar, bayan jakin da tsirkiyoyi ke hawa. Yana ƙarawa yana sakin hannu, har wuyan ya tsaya cak.

Abdulganiyu ya rataya. Yatsunsa suka gudu a kan tsirkiya kamar dā. Amma maratayin ya nutse masa a kafaɗa, nauyin duka ya dawo wuri ɗaya.

"Ta daidaita," in ji Usta, bai ɗago ba. "Sauƙi kam ban da shi a shagon nan."

Alhamis bayan la'asar, ana gwada lasifika a rumfar biki, Abdulganiyu ya kaɗa waƙa ɗaya a tsaye. Ta biyu bai kai rabi ba. Shekara ashirin da shida bai taɓa kiɗa a zaune ba. A idonsa zama na masu jiran a sallame su ne. Ya jawo kujerar ƙarfe daga layin baƙi, ya zauna, ya ɗora bez a cinya.

"Ammu, shayi za a kawo maka?" in ji Muhannad. Mai ganga ya yi dariya.

"Ɗauko waƙar daga farko," in ji Abdulganiyu.

Suka ɗauko. Muhannad ya juya masa baya yana rerawa, kunnensa na wurin bez, yana jiran makarar. Har waƙar ta ƙare ba ta zo ba. Ya daɗe yana gyara wayar makirufo.

"Asabar akwai wani biki a Bahri," ya ce. "Can kujerunsu na roba ne, masu hannu, za su tare maka bez. Ka zo da taka."

Abdulganiyu ya gyaɗa kai, ya sauke hannun hagu a gwiwa, ya bar shi ya huta kafin baƙi su iso.