Sunan Baffa Jaji ya tafi Abuja

Mu'minatu na zaune a ofis lokacin da ta gano ɓarnar da ta yi. Ofishin ba wani abin kirki ba ne, ɗakuna biyu a Yalwawa da fanka mai kukan tsiya, amma nan ce cibiyar binciken da ba ta cin albashin gwamnati, kuma da wannan suke taƙama. Tun da aka rufe iyakar Nijar suke bin ƙauyuka suna jin ta bakin manoma da 'yan kasuwa. Yanzu rahoton ya isa hannun wani kwamiti a Abuja, wanda zai ba da shawara a buɗe iyakar ko a bar ta.

Ƙa'idarsu ita ce a ɓoye sunan duk wanda ya yi magana. Yayan mahaifinta da ke Taura ya ba ta labarin yadda yake ratsa daji a babur da gero, ya kai wa 'yarsa da ke aure a tsallake, ya dawo da akuya. Sunansa na yanka Abdulkahar, sai dai Mu'minatu ba ta taɓa furta shi ba, hannunta ma ya ƙi rubuta shi. Ta sa Baffa Jaji, yadda kowa ke kiransa. Fa'izu mai tace rubutu, sarkin bin ƙa'ida, ya ga Jaji ya ɗauka sunan aro ne, har ya yaba mata. Ga shi a Taura ba wanda ya san wani Abdulkahar, amma ko yaron goye zai nuna maka ƙofar Jaji. Kuma a kwamitin akwai jami'an tsaron iyaka.

Shugaban cibiyar ya ce ana iya janye rahoton, amma gobe kwamitin zai zauna, in aka janye ba abin da zai rage a gabansu sai bayanin masu kaki. Ya ce ta je ta tambayi mai sunan.

A mota ta kasa zama daidai. Duk shingen bincike da suka wuce sai ta riƙa ganin kamar Baffa ake jira.

Ta tarar da shi a zaure yana gyaran igiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi komai tana kallon ƙasa, kunya da tsoro sun cika ta. Ya tambaya ko manyan can za su karanta da gaske. Ta ce tana zato. Ya tambaya ko za su buɗe. Ta ce Allah kaɗai ya sani.

"Baffa, ka ce a janye kawai, wallahi yau za a janye."

"In an janye, wa zai gaya musu?" ya ce. "A bar shi."

Ya leƙa cikin gida ya kira matarsa Adama. Ya ce ta ɗaure masa riga biyu da buta da maganin hawan jininsa, ta ajiye a bakin zaure. Adama ta tambaya ina za shi.

"Ba inda za ni. In an zo ɗaukata ne, kada a tsaya jira a gaban yara."